Ku Tambaya, Mu Amsa: Kai Iyali Bakin Teku a Inda Kogi Ke Shiga

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar daga Bauchi da Gombe suka zo, kuma duk hanya ɗaya suka nufa: magidanta da iyaye mata masu son su kai yara su ga teku a lokacin hutu, a wuri mai natsuwa, ba inda ake kiɗa da cunkoso ba. Irin wannan wuri sau da yawa yana gefen bakin kogi ne, wato inda kogi ke juye ruwansa cikin teku. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Tambaya: Ni magidanci ne a Fantami, cikin garin Gombe. Mu shida ne, ni da mai ɗakina da yara huɗu, babbansu shekara 12. Wane bakin teku ya dace da mu, kuma yaya ake zuwa?

Amsa: Malam, gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 850, amma wuraren da baƙo zai kai ƙananan yara ya zauna hankali kwance ba su da yawa. Guda biyu za mu nuna maka. Na farko Ibeno a Jihar Akwa Ibom, kusa da garin Eket, inda kogin Kwa Ibo ke shiga tekun Atilantika. Rairayi ne shimfiɗe mai tsawon gaske, kuma in ba ranar biki ba ko ƙarshen Disamba, za ku yi tafiya mai nisa ba ku gamu da kowa ba sai masunta. Na biyu Tarkwa Bay a Legas, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa. Katangun duwatsun da aka jera tun farkon ƙarni na 20 don kare hanyar jirage suna karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa ruwan wurin ya fi na sauran gaɓar Legas laushi. Ba a zuwa can sai ta jirgin ruwa, tafiyar kamar minti 20 daga tsibirin Legas. A ranakun Asabar da Lahadi yana cika, don haka ku je tsakiyar mako.

Mai fasfo da katin rigakafin shawara, wanda aljihunsa ya yi nauyi, yana iya duba Ada Foah a Ghana, kimanin kilomita 100 gabas da Akara, inda kogin Volta ke haɗuwa da teku.

Batun hanya, mafi sauƙi ga mai ƙananan yara shi ne jirgin sama daga filin jirgin Lawanti na Gombe, ko daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ga mutanen Bauchi, zuwa Abuja, sannan a sake hawa zuwa Uyo ko Legas. Daga Uyo zuwa Eket tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, Ibeno kuma tana gaba kaɗan. In ta ƙasa za ku bi, ta Bauchi, Jos, Akwanga, Lafiya da Makurɗi, kada ka yaudari kanka cewa rana ɗaya za ta isa. Ka raba ta kwana biyu, ku kwana a Makurɗi ko Lafiya, kada ku yi tafiyar dare, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki a wannan makon kafin ku tashi.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa Maris. Daminar kudu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, tana farawa tun Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, kuma daga Yuni zuwa Satumba teku ta fi haukacewa. Abu ɗaya da ke ɓata shirin Disamba da Janairu shi ne hazo, wanda kan sa a jinkirta jirage ko a soke su, saboda haka kada ka sayi tikitin Abuja zuwa Uyo mai tazarar awa ɗaya ko biyu kacal da saukarku daga Gombe.

Tambaya: Ni uwa ce daga unguwar Yelwa a Bauchi. Na ga hotunan bakin kogi kusa da teku, ruwan kwance luf kamar na Wikki a Yankari. Yarana sun saba wanka a Wikki. Ba zai fi kyau su yi wasa a ɓangaren kogin ba, su bar ɓangaren igiyar ruwa?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin wasiƙun nan, kuma muna roƙon duk mai karatu ya tsaya a kanta. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, zafinsa kusan digiri 31 rani da damina, garau yake kana ganin ƙafarka, kuma zurfin da ka tarar da safe shi za ka tarar da la'asar. Bakin kogi a gaɓar teku ba haka yake ba ko kaɗan. Kamannin ne kawai ɗaya.

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowane yini da dare. In ta cika, takan tura ruwan gishiri cikin kogin, kogin ya kumbura ya koma baya. In ta fara janyewa, duk ruwan da ta tura ciki, haɗe da ruwan kogin kansa da ya taru yana jira, dole su fita ta ƙofa ɗaya ƙuntatacciya cikin awa shida. Saman ruwan yana nan sumul, babu kumfa babu ƙara, amma ƙasansa gudu yake yi kai tsaye zuwa cikin teku, gudun da babban mutum mai iyo ba zai iya komawa gabansa ba, balle yaro. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. To shi ma wannan shirun na bakin kogi ba banza ba ne, alama ce ta zurfi.

Abu na biyu shi ne ƙasan wurin. Gudun ruwa yana yanke rairayi ya bar gaɓa a tsaye ƙarƙashin ruwa. Yaro na iya zama cikin ruwa iya gwiwa, ya ƙara taku biyu ya faɗa ramin da ya shanye kansa. Kuma ruwan bakin kogi gurɓatacce ne da laka, ba a ganin ƙasa. Wurin ramin ma ba ya zama ɗaya. Damina ɗaya tana iya matsar da shi.

Abu na uku, tsibiran rairayi. In ruwa ya janye, filayen rairayi masu kyau sukan fito a tsakiyar bakin kogin, mutum ya taka ruwa iya idon sawu ya haye. In teku ta fara dawowa, ba ta gaba take fara zuwa ba. Kwarin da kuka ƙetare a bayanku shi take fara cikawa, kuna can kuna kallon teku, sai kun waiwaya ku ga hanyar komawa ta zama kogi.

To ina yara za su yi wasa? A ɓangaren kogin, amma can ciki, nesa da ƙofar da ruwa ke fita da aƙalla 'yan ɗaruruwan mita, a lungun da ƙasa ta kwanta a hankali ba ta yi tsaye ba. Babba ya fara shiga da sanda ya gwada ƙasan taku bayan taku, ya kafa sandar a inda ruwa ya kai gwiwar ƙaramin yaro, wannan ita ce iyaka. Ki jefa busasshen ganye ko ɓawon kwakwa ki kalli inda ya nufa da saurinsa. In yana tafiya da saurin mai tafiya a ƙasa, a fito. Lokacin da ya fi aminci shi ne kusa da ƙarshen cikar teku, sa'ad da ruwan ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya juya. Da kin ga ganyen ya fara nufar teku, wasan ruwa ya ƙare sai gobe.

Sannan ku gaida masuntan wurin ku tambaye su, kamar yadda ba a shiga kogi a ƙasarmu sai an ji ta bakin Sarkin Ruwa. Su ne suka san inda ramin bana yake. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa, babba ya kasance kusa da shi yadda in ya miƙa hannu zai kama shi, kuma a faɗi sunan wanda ke gadi ƙarara, ya ajiye waya. In an ce kowa na kallo, a ƙarshe ba wanda ya kalla.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Azare. An ce cikar teku da janyewarta suna bin wata. Ta yaya baƙo zai san lokacin?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma a nan mai bin kwanan watan Musulunci ya fi kowa sa'a. Jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya shi ke kawo wannan motsi. A tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, wata da rana suna kan layi ɗaya da duniya, ƙarfinsu ya haɗu, sai teku ta cika sosai ta kuma janye sosai. Abin ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan waɗannan ranaku. A wajen 7 zuwa 8 ga wata, da 22 zuwa 23, bambancin kan ragu, gudun ruwa a bakin kogi ya yi sauƙi. In kana da zaɓi, ka sa ziyarar a waɗannan kwanaki. Ka lura cewa Ƙaramar Salla tana faɗawa daidai kan babbar cika, hutun Babbar Salla kuma yana gangarawa zuwa ta tsakiyar wata.

Lissafin yini kuwa ga shi. Daga cika zuwa janyewa kamar awa 6 da minti 12 ne, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. In yau ta cika da ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura minti 10. Ruwan ba ya tafiya da sauri ɗaya cikin awa shidan nan: in ka raba shi kashi 12, awa ta farko kashi 1 ke motsawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin ruwan duka yana wucewa ne a awa ta uku da ta huɗu, kuma nan ne haɗarin ya fi yawa. Tsayin cikar ma ya bambanta: a Legas kusan mita 1 ne, yana ƙaruwa in ana yin gabas, har ya kusa mita 3 a wajen Kalaba. Akwai jadawalin cikar teku kyauta a intanet. Ka nemi na tashar da ta fi kusa da inda za ku, ka rubuta a takarda tun kana masauki, don sabis kan yi rauni a gaɓa.

In babu jadawali, ka duba layin shara da ciyawar ruwa da teku ta bari a kan rairayi. Nan ta kai a cikar da ta wuce. Ku shimfiɗa tabarma a bayansa, kada ku ajiye mota a gabansa.

Tambaya: Ni saurayi ne daga Dadin Kowa. Tun ina yaro nake iyo a dam. Me zai ba ni tsoro a teku?

Amsa: Samari, ruwan Gongolan da ka saba da shi yana gangarawa ya shiga Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan sai teku. Amma da ya isa can halinsa ya sauya. Iyawarka za ta taimake ka, sai dai akwai abin da dam bai koya maka ba.

Igiyoyin ruwa suna tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma yana neman hanyar komawa. In ya sami tsaga a tudun rairayin da ke ƙarƙashi, sai ya bi ta nan da gudu kamar ƙorama ta nufi cikin teku. Alamarsa: wani zirin wuri a tsakanin igiyoyi inda ruwa ya fi duhu, ba ya fashewa da farin kumfa, wani lokaci da rairayi ko shara na tafiya waje. Baƙo yakan zaɓi wurin ne da kansa don ya ga ya fi kwanciya. Irin wannan ja ya fi yawa kusa da bakin kogi da gefen katangun duwatsu.

Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Abin da ke kashe gwanaye shi ne su juya su yi ta kokawa da shi don komawa gaɓa har ƙarfi ya ƙare. In ya ɗauke ka, ka kwanta rigingine ka huta, ruwan gishiri ya fi na dam ɗaga jiki. Ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Sannan ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka fita daga zirin, domin yawanci ba shi da faɗi sosai, daga nan igiyoyin su taimaka maka komawa. In wani ne ya shiga ciki, kada ka bi shi hannu rabbana. Ka jefa masa jarka mai murfi, ko kular ruwa, ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, ka kira masu kwalekwale. A Ibeno da sauran gaɓar da ke fuskantar Atilantika kai tsaye, shawararmu ga baƙo komai iyawarsa ita ce kada ruwa ya wuce cinyarsa, kuma kada ya juya wa teku baya.

Wata fa'ida: katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ba ta rayuwa a ruwan gishiri, don haka teku ba ta ba da fitsarin jini. Amma in aka yi nisa cikin kogin har ruwan ya zama na daɗi, haɗarin ya dawo kamar na gida.

Tambaya: Ni Hajiya ce daga Misau. Wace sutura ta dace da ni da 'yan matana? Kuma ana alwala da ruwan teku?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ana yi. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Sai dai a kurkure baki a tofar, kada a haɗiye, don kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, yana ƙara ƙishirwa. A nemi inda ruwan yake da tsabta, ba kusa da magudanar gari ba. Alƙibla kuwa, gaɓar Najeriya galibi kudu take kallo. In kika ba teku baya kin fuskanci arewa, sai ki karkata dama kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa gabas. A ma'auni, in an ƙirga daga arewa, wajen digiri 63 ne a Legas, 58 a Ibeno.

Sutura ita ce inda matanmu suka fi shiga haɗari ba su sani ba. Dogon hijabi har ƙasa, abaya, da zanin atamfa suna shan ruwa su yi nauyi, igiyar ruwa ta naɗe su a ƙafa ko ta rufe fuska da su. Wadda za ta tsaya a busasshen rairayi ta sa abin da ta ga dama. Wadda za ta taka ruwa ko ta hau jirgi, ta sa dogon wando mai roba a ƙafa, da riga mai dogon hannu iya gwiwa, na yadi marar nauyi mai saurin bushewa irin na kayan motsa jiki, mai duhun launi don kada ya nuna jiki in ya jiƙe. Hijabin ya zama ƙarami iya kafaɗa, a cusa bakinsa cikin riga, ba allura. A ajiye babban hijabi busasshe a jaka don sakawa da an fito. Maza ma su cire babbar riga da jamfa mai faɗi. Gwal da zobe a bar su a masauki, ruwa kan sa yatsa ya saki.

Tambaya: Daga Kaltungo. An ce sai an hau kwalekwale mai inji kafin a isa wasu wuraren. Me zan duba?

Amsa: Ɗan'uwa, rigar kariya daga nutsewa ga kowane mutum, har da jariri, kafin a kunna inji. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. Ga gwajin ta yaro: a ɗaure duk maɗaurai, a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, zai zame ta ƙasa a cikin ruwa. Ta ƙananan yara ta kasance da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Uwa ta kwance goyo ta riƙe yaron a cinya, kada ta hau da shi ɗaure a baya. In ka ga gefen jirgin ya kusa shafar ruwa saboda lodi, ku sauka ku jira wani. Ku yi ciniki kan zuwa da dawowa tun a gaɓa, a tsayar da lokacin dawowa kafin la'asar sakaliya, a biya rabi a riƙe rabi. Kada ku yarda a fita da ku ta ƙofar bakin kogi zuwa cikin teku don yawon buɗe ido. Inda gudun kogi ke karo da igiyar teku nan kwalekwale ya fi kifewa.

Tambaya: Ni uwargida ce daga Bajoga. Cikin yarana ba ya son baƙon abinci. Me zan ɗauka, me za mu ci a can?

Amsa: Uwargida, ki ɗauki abin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kunu, yaji. Iskar can tana da laima sosai, kilishin da ke wata guda a Bajoga yana iya yin fumfuna cikin 'yan kwanaki, don haka a ƙulle shi a leda mai zip ƙulli-ƙulli, a buɗe na rana ɗaya kawai. Fura da nono ba za su kai ba. Ruwan sha na gora, aƙalla lita 2 zuwa 3 ga kowane babba a yinin gaɓa, domin zufa ba ta bushewa a can kamar a nan, jiki na zubar da ruwa mutum bai ankara ba.

Kifi ku saya daga kwalekwale da safe a gasa a gabanku. Sabon kifi idonsa garau, cikin kunnensa ja, in an danna naman da yatsa ya dawo. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har ƙaguwa da jatan lande, amma wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. In leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi rudu-rudu, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Kawa da ƙananan katantanwar laka da ake sayarwa a bakin kogi suna tace ruwan wurin ne da duk ƙazantarsa, kada a ci su sai sun dahu sosai. Naman yanka a nemi unguwar Hausawa, irin Bogobiri a Kalaba ko Obalende a Legas.

In gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi a bar shiga ruwan bakin kogi kwana biyu ko uku, don duk dattin garuruwan sama nan yake sauka. Mai buɗaɗɗen rauni, musamman mai ciwon suga, kada ya taka wannan ruwan sam.

Tambaya: Daga Ningi. Akwai abin da ke cizo ko harbi?

Amsa: Akwai, Malam. Kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya, tana kwanciya cikin rairayin da ba zurfi. A riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga ta, sai ta ji motsi ta gudu. In ta yi harbi, ko ƙayar kifi irin ƙurungu ta soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a je asibiti a duba guntun ƙaya a yi allurar tetanus. Akwai kuma wata halitta mai yauƙi kamar leda, wata shuɗiya mai zaruruwa, da teku kan watso gaɓa. Ko ta mutu tana harbi, a hana yara taɓa ta. In ta taɓa fata a wanke da ruwan teku, ba ruwan gora ba, a cire zaren da bakin kati ba da yatsa ba, kada a murza da rairayi, sannan ruwan zafi na minti 20.

Da yamma, kusa da itatuwan nan masu tsirowa cikin laka da saiwoyinsu a waje, sauro da wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo sukan fito. Ku bar gaɓa kafin magariba, ku tafi da gidan sauronku. Zazzaɓin da ya taso ko bayan an dawo gida, a yi gwajin maleriya. A yankin da ake haƙar mai irin Ibeno, wani lokaci akan taka dunƙulen baƙin mai kamar kwalta. Man gyaɗa ke cire shi, sannan sabulu, ba kananzir ba. Kada a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya. Ramin da yara ke haƙa a rairayi kada ya wuce gwiwar ƙaraminsu, don yana ruftawa. In an ji tsawa a bar ruwa da fili, sai minti 30 bayan ta ƙarshe.

Tambaya: Ni kaka ce daga Dukku, da jikoki za mu. In Allah ya kiyaye yaro ya nutse aka ciro shi, me za a yi?

Amsa: Inna, Allah ya tsare. Da farko, mai nutsewa ba ya ihu. Za a ga kansa a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita, hannuwa na danna ruwa, kuma ƙaramin yaro na iya ɓacewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

In an ciro shi, a kwantar da shi rigingine a kan rairayi mai tauri, wani ya kira 112. Kada a ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa, kada a danna cikinsa don fitar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shiga huhu. A ɗan ɗaga haɓarsa a duba numfashi na daƙiƙa 10. In babu, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, kowace har ƙirji ya ɗaga. Jariri kuwa a rufe bakinsa da hancinsa tare da baki. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, a hura sau 2, a ci gaba haka ba tsayawa. Jariri da yatsu biyu, yaro da hannu ɗaya, babba da hannu biyu. In ya fara numfashi a juya shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti a sa masa ido na wasu awanni, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da tari da sarƙewar numfashi daga baya. Tun ranar da kuka sauka, ku tambayi mai masauki asibitin da ya fi kusa da gaɓar, ku riƙe lambar direban da zai zo da an kira shi.